Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Sayen Mataccen Akwatin Gem A Maido Shi Da Rai

Duk ɗan kasuwar da ya saba buɗe kwantenar kayan gwanjo na Turai ya san cewa ba kowane abu da ke ciki ne yake da suna a bakinmu ba. Bayan firij da tele da keken ɗinki, jefi-jefi akan ci karo da wani dogon akwatin katako wanda ya kai tsawon mutum, da gilashin tele a ƙirjinsa, da sanda da maɓallai a gabansa, sannan can ƙasa ga wata ƴar ƙofar ƙarfe mai tsaga inda ake jefa kwandala. Wasu irinsa kuma suna nan jibge a bayan tsofaffin gidajen gem na manyan garuruwa tun shekarun 1990, ƙura ta rufe su, ɓeraye sun yi gida a ciki. Mafi yawan lokaci makomarsu guda ce: ƴan gwangwan su fasa su, su zare jan ƙarfe, katakon kuma ya tafi murhu.

To amma abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan akwati da muke yi wa kallon bola, a Amurka da Turai da Japan akwai masu nemansa ruwa a jallo, su saye shi a mace, su shafe watanni suna gyara har ya dawo kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Sai dai fa harkar tana da fuska biyu. Wanda ya san abin da zai duba kafin ya biya kuɗi yana iya cin riba, ko dai ta sayarwa ko ta ajiye shi a shago yana kawo masa ƴan canji kullum. Wanda kuwa ya faɗa mata da ka, yana iya ƙona kayan cikin minti guda, ko ma ya rasa ransa, domin akwai wutar da ke maƙale cikin gilashin ko da an zare waya daga bango. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu baje wa masu karatunmu na kasuwannin kan iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, yadda wannan harka take daki-daki.

Asalin akwatin da dalilin darajarsa

Akwatin gem ba ɗan ƙasarmu ba ne. A Amurka aka haife shi, Japan kuma ta raine shi. A 1972 wani kamfani mai suna Atari da ke jihar Kalifoniya ya ƙera wasan Pong, wanda ya yi kama da ƙwallon tebur. Injiniyan da ya haɗa shi, Al Alcorn, tele ce ƴar baƙi-da-fari ya sayo a kanti ya cusa cikin akwati, aka kai shi wata mashaya a garin Sunnyvale domin gwaji. Ba a daɗe ba mai mashayar ya aiko cewa na'urar ta lalace. Da aka zo aka buɗe, sai aka tarar ba abin da ya same ta illa kwandaloli da suka cika ma'ajiyarsu har suka toshe hanya. Wannan labari darasi ne ga duk mai gyara har gobe, wato sau da yawa abin da ake zaton babbar cuta ce, ƙaramin abu ne.

Daga nan sai Japan ta karɓi tuta. A 1978 kamfanin Taito ya fito da Space Invaders. A 1980 Namco ya fito da Pac-Man wanda Toru Iwatani ya tsara, kuma a Amurka kaɗai an sayar da akwatunansa fiye da 100,000. A 1981 Nintendo ya kawo Donkey Kong. Waɗanda samarin shekarun 1990 za su fi tunawa kuwa su ne Neo Geo na kamfanin SNK da ya fito a 1990, da Street Fighter II na Capcom a 1991, da Mortal Kombat na kamfanin Midway na Amurka a 1992. Bayan fitowar PlayStation a 1994 da ta biyunta a 2000, sai masu gidajen gem suka ga ya fi musu sauƙi su sayi ƙaramar na'ura su jona da tele, su jera benci, yara su buga ƙwallo. Wayar hannu kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

To ita wannan watsarwa da aka yi da su ita ce ta jawo musu daraja. Yaran da suka riƙa jefa kwandala a wancan zamani a yau magidanta ne masu abin hannunsu, kuma suna son su ajiye akwatin ƙuruciyarsu a falo. A 2012 ma babban gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok, wato MoMA, ya sa Pac-Man cikin kayan da yake adanawa. Amma mai karatu ya lura da kyau, shi wasan kansa ba shi ne abin nema ba. Tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara wata manhaja mai suna MAME wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi dubban waɗannan wasanni, ga kuma ƙananan na'urorin ƙasar Sin masu ɗauke da ɗaruruwan wasanni a wuri guda. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne jikin na asali: katakon da zanensa, da fanel ɗin kamfani, da gilashin nan mai ƙeya wanda masana'antu suka daina ƙerawa.

Kada a yi cinikin biri a sama

Kafin a yi maganar kuɗi, sai a buɗe ƙofar baya. Idan mai kaya ya ce makulli ya ɓace, to a nemi izininsa a fasa kwaɗon, in ya ƙi a yi masa tayin katako kawai, domin ba sau ɗaya ba akan sayi akwati a kai gida a tarar cikinsa wayam. Abubuwa huɗu ne ake dubawa: katako, gilashi, fanel, da sashen wuta tare da wayoyinsa.

A fara da gindin akwatin. Da yawansu an yi su ne da katakon nan na matsattsen gari, wanda da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya riƙa marmashewa, kuma ba ya komawa daidai. A danna da babban yatsa, a ƙwanƙwasa a ji ko gara ta cinye ciki. Idan ɓarnar ba ta wuce taki guda daga ƙasa ba, kafinta zai iya yankewa ya yi ƙari. Idan ta hau har gefen da zane yake, daraja ta ragu ƙwarai.

Sai gilashi. A duba wuyan kwalbar ta baya, wato siririn bututun nan da ya fito daga ƙeyarta. Idan ya tsage ko ya karye, iska ta shiga, kwalbar ta mutu ke nan, babu mai iya tayar da ita. A duba fuskar kuma cikin haske. Sau da yawa za a ga inuwar wasan ta ƙone a jiki ko da babu wuta, saboda shekarun da hoto guda ya yi yana tsaye wuri ɗaya. Wannan ƙuna ba ta goguwa, amma idan ba ta yi yawa ba ana iya zama da ita, har ma tana gaya wa mai saye wane wasa ne akwatin ya daɗe yana ɗauke da shi.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin masu gidajen gem na da sun saba canza wasa su bar akwati. Za ka ga sunan wani wasa a goshin akwatin, fanel ɗin da ke ciki kuma na wani ne daban. Har ila yau akwai fanel na jabu, waɗanda aka kwafa ba da izinin kamfani ba. Na asali yakan zo da sunan kamfani bugagge a jikinsa da takardar lamba a manne, na jabu kuwa yawanci ba suna, sai takardun rubutun hannu da wayoyin da aka tsallaka nan da can. Ga mai son ajiyewa a shago yara su buga, jabu ma yana aiki. Ga mai niyyar sayar wa masu tara kayan tarihi kuwa, bambancin kamar na zinariya ne da tagulla.

A bayan ƙofar kwandala akwai wata ƴar mita mai lambobi kamar ta tafiyar mota, wadda ke ƙirga kowace kwandala da aka jefa. Ita ce ke nuna irin wahalar da akwatin ya sha. Daga ƙarshe a yi amfani da hanci. Warin ƙuna yana nuna wani abu ya ƙone, zarnin fitsarin ɓera kuma yana nufin sai an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin fitsarin yana cin ƙarfe, haƙorin kuma yana cin roba.

Daga wuta ake fara gyara

Babban kuskuren da ke kashe waɗannan akwatuna a ƙasashenmu shi ne ɗokin jonawa a gani ko zai tashi. Wutar Nijar da Nijeriya da ta Turai bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka bolt 120, ta Japan kuwa bolt 100. Akwatin da aka ƙera domin Amurka ko Japan, idan aka cusa shi kai tsaye a bangonmu, hayaƙi ne zai amsa. Saboda haka sai a karanta farantin da ke manne a baya tukuna. Wasu suna da wurin da ake sauya su zuwa 220, wasu kuma dole sai an nemo musu taransifoma mai rage wuta.

Ko an tabbatar da wannan, ba a tayar da komai a lokaci guda. Mai gyaran da ya san aikinsa zai cire fanel, ya cire wayar gilashi, ya bar sashen wuta shi kaɗai. Zai duba kowane fiyus da mita, ya tabbatar lambarsa ta yi daidai da abin da aka rubuta. Idan ya tarar an naɗe fiyus da waya ko takardar taba, kamar yadda wasu suka saba, to alama ce akwai cutar da aka ɓoye. Bayan haka sai ya auna abin da ke fitowa. Fanel yana rayuwa ne a kan bolt 5, lasifika da sauran ƴan abubuwa kuma a kan bolt 12. Shi bolt 5 ɗin nan ba ya son wasa. Idan ya yi ƙasa, wasan zai riƙa tsayawa yana sake farawa, ko rubutu ya watse. Idan ya yi sama sosai, ƙwayoyin fanel su ƙone. Da yawa daga akwatunan da ake cewa sun mutu, wannan ne kaɗai ke damun su, kuma sabon akwatin wuta na irin wannan aiki ba abu ne mai wuyar samu ba.

Akwai kuma wata taransifoma a gindin tsofaffin akwatuna wadda aikinta shi ne raba gilashi da wutar bango. Wasu kan gan ta da nauyi da tsatsa su cire ta su sayar wa ƴan gwangwan saboda jan ƙarfen da ke ciki. Kada a kuskura. Idan babu ita, gilashin da aka yi domin aiki da ita yana iya ƙonewa nan take, kuma ƙarfen jikinsa ya ɗauki wuta ya kama duk wanda ya taɓa.

Gilashi, inda haɗarin yake

A nan muke roƙon mai karatu ya buɗe kunne. Kwalbar tele mai launi mai inci 19 ko 20 tana aiki ne da wutar da ta haura bolt 20,000, kuma takan riƙe wani abu daga cikin wannan wuta na tsawon lokaci bayan an kashe. Tsofaffin masu gyaran tele sun san yadda ake sauke ta. Sukan zare waya daga bango, su ɗaura wata waya a jikin sukudireba mai mariƙin roba, ɗaya bakin su maƙala a ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, su mayar da hannu guda baya, sannan su zura bakin sukudirebar ƙarƙashin robar da ke manne a bayan kwalbar har a ji ta yi tas. Sai su dakata ƴan mintuna su sake. Mun faɗi wannan ne domin mai kaya ya gane ko wanda ya kira ya san aikinsa, ba domin ya gwada da kansa ba. Wanda bai taɓa gyaran tele mai ƙeya ba, ko da ya ƙware a gyaran wayar hannu, ya bar wannan sashe ga masu shi.

Shi gilashi yakan faɗi cutarsa da kansa ga wanda ya iya saurare. Idan an jefa kwandala ana jin sautin wasa amma babu hoto, to fanel lafiyarsa ƙalau, matsalar ta gilashi ce. Idan fuskar ta yi haske fari fat babu hoto babu sauti, a koma kan fanel ko bolt 5. Idan hoton ya tattare ya zama layi guda siriri mai haske, a kashe nan take, domin layin zai ƙone a jikin kwalbar ya bar tabo na har abada. Idan hoto yana rawa, ko ya naɗe daga sama, ko ya dusashe, yawanci kwandansoshi ne suka bushe. Waɗannan ƴan gwangwanaye suna da ruwa a cikinsu wanda shekaru da zafi ke busarwa, shi ya sa masu wannan sana'a kan canza su gaba ɗaya a zama guda, su kuma sake liƙa dalmar da ta tsattsage. Idan launi ya yi dabbare-dabbare, ja a nan kore a can, maganaɗisu ne ya kama kwalbar, kuma akwai zoben waya da ake zagaya fuskar da shi ya wanke ta.

To idan kwalbar ta mutu fa? A nan ne mu muke da wata dama da Turawa suke rasawa. Tele mai ƙeya da suka zubar, mu har yanzu tana nan a gidaje da rumfunan masu gyara, daga kasuwar Katako ta Yamai zuwa Sabon Gari ta Kano. Ana iya ɗaukar kwalbar tele mai girma ɗaya a dasa, muddin ƙafafun wuyanta da naɗin wayar da ke kewaye da wuyan sun dace, kuma mai gyara zai auna da mita ya tabbatar. Akwai ma hanya mafi sauƙi. A 1980 hukumomin Faransa suka wajabta sa wa telolin da ake sayarwa a ƙasarsu a wancan zamani wata faffaɗar kafa mai ƙafa 21 da ake kira Péritel. Wannan kafa tana karɓar ja da kore da shuɗi a rarrabe, daidai yadda fanel ɗin gem ke fitar da su, sai dai a ɗan rage ƙarfinsu kafin su shiga. Ke nan tsohuwar tele ƴar Faransa da ke kwance a lungun shago tana iya zama gilashin akwatin gem.

Wasu za su ce me zai hana a sa falasma a huta. Ana iya sawa, amma sai da ƴar na'urar da ke fassara hoton, domin tsohon fanel yana zana kimanin layi 15,000 ne a daƙiƙa, allon kwamfuta kuwa yana son ninki biyu na haka. Hoton yakan fito da kaushi, wani lokaci da ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, wasannin harbi da bindigar roba kuma ba sa aiki da shi sam. Ga shago ba laifi, amma ga mai tara kayan tarihi akwatin da aka sa wa falasma ya rasa rabin ransa.

Fanel, ƙwaƙwalwar akwatin

Fanel shi ne faffaɗan allon nan kore mai ɗauke da baƙaƙen ƙwayoyi jere-jere. Duk wasan Pac-Man da ke cikinsa bai kai nauyin hoto guda da muke ɗauka da waya ba, amma shi ne mafi tsada a jikin akwatin idan na asali ne. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera waɗannan na'urori ta Japan, wato JAMMA, ta fito da mahaɗi guda mai baki 56, wato 28 a kowane gefe, domin kowane fanel ya shiga kowane akwati. Yawancin wasannin da suka fito bayan haka suna bin wannan tsari. Waɗanda suka riga shi, irin su Pac-Man da Donkey Kong, kowanne da nasa tsarin wayoyi, kuma cusa su a mahaɗin da ba nasu ba ƙona su ne. Ko na JAMMA ɗin ma, idan aka juya shi sama a ƙasa, wuta za ta bi inda bai kamata ba.

Gyaran farko ba ya buƙatar komai sai haƙuri. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a goge bakin mahaɗin da magogin fensir har ya yi ƙyalli, a wanke da sifirit, sannan a danna ƙwayoyin da ke zaune cikin gurbi ɗaya bayan ɗaya, domin zafi da sanyi na shekaru sukan sa su ɗago. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum kan ji tas idan ya taɓa ƙofar mota, sai a taɓa ƙarfe tukuna kafin a taɓa fanel, domin wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe ƙwaya.

Babban abokin gabar fanel shi ne batir. Neo Geo, wanda ake cusa wa kaset-kaset na wasa kuma akwai mai ɗaukar 1, 2, 4 har 6, yana da ƙaramin batir a liƙe wanda kan tsiyaye idan ya tsufa, ruwansa ya cinye siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kewaye da shi. Duk wanda ya sayi irinsa, ya sa a cire batirin nan ranar farko. Na kamfanin Capcom da suka fara fitowa a 1993, waɗanda ake kira CPS-2 kuma suna zuwa cikin kwanson roba mai launi, nasu labarin daban ne. Batirinsu shi ke riƙe da makullin sirrin wasan, kuma ranar da ya mutu wasan ya daina tashi. A 2016 wasu masu sha'awar abin suka gano yadda ake mayar da makullin. Saboda haka kada a zubar da fanel ɗin Capcom don kawai bai nuna hoto ba.

Sanda, maɓallai da ƙofar kwandala

Wannan sashe shi ne mafi sauƙi da araha. Ƙarƙashin kowane maɓalli da kowane ɓangare na sanda akwai ɗan makunni mai ƙara ƙas-ƙas, kuma har yau ana ƙera sababbinsu. Wanda ya ƙi aiki a zare a sa wani. Street Fighter II yana da maɓalli 6 ga kowane ɗan wasa, alhali mahaɗin JAMMA na 3 kaɗai ya tanada, don haka akwai wata ƙarin waya ta daban mai kula da maɓallan shuri. Idan naushi yana aiki shuri ba ya yi, a nemi wannan waya.

Ita ƙofar kwandala an saita ta ne a kan kuɗin ƙasar da akwatin ya fito, santi 25 a Amurka, yen 100 a Japan. Tana auna faɗi da kauri, ta kuma gwada ƙarfen da maganaɗisu. A ɓangaren sefa, inda dala 10 da dala 20 na ƙarfe ke yawo a hannun jama'a, ana iya saita ta ko a sayo sabuwa wadda ake sa wa kwandala guda a matsayin samfuri, ta riƙa karɓar irinta kaɗai. A ɓangaren naira kuwa, inda kuɗin ƙarfe suka ɓace daga hannun mutane, sai dai mai shago ya tanadi kwandalolin kansa ya riƙa sayarwa, ko ya sa maɓalli a ɓoye wanda yaron shago zai danna bayan an biya.

A bar kaza cikin gashinta

Idan ciki ya tashi, sai a waiwayi jiki. A nan ne masu kyakkyawar niyya kan yi ɓarna, domin al'adarmu ce idan muka gyara abu mu shafe shi da sabon fenti ya yi ƙyalli. Ga wannan kaya kuwa, tsohon zane mai ƴan ƙuje-ƙuje ya fi sabon fenti daraja. Misali shi ne Donkey Kong. Na farko-farkonsu an zuba su ne cikin jajayen akwatunan wani wasa mai suna Radar Scope wanda ya yi kwantai a Amurka, daga baya aka koma yin shuɗaye. A yau jajayen nan su ne masu tara kaya suka fi nema. Wanda ya samu ja ya shafe shi da wani launi, ya goge riba da hannunsa.

Saboda haka a wanke da tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan, kada a kwara ruwa. A cike ramuka, a canza robar da ke bin gefen katako idan ta farfashe, a kankare tsatsar ƙofar kwandala a fesa mata baƙin fenti, a sa sabuwar fitila a bayan allon suna da ke goshi. Duk abin da aka cire na asali, ko da ya lalace, a ƙulle shi cikin leda a ajiye a cikin akwatin. Daga nan a ɗaga gindin daga ƙasa da ƙafafu ko tayoyi saboda ruwa da gara, a sa ƴar fanka a ƙofar baya saboda zafin bazara, a kuma haɗa shi da na'urar daidaita wuta, musamman inda ake aiki da janareta.

Lissafin ɗan kasuwa

Yanzu sai mu zo ga tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi, wato ina ribar take? Kasuwa biyu ce. Ta farko ita ce ta gida. A ce, alal misali, ana buga wasa guda a kan dala 10, aka samu bugu 40 a wuni, an tashi da jika 2 ke nan, kafin a cire kuɗin wuta da haya da na yaron shago. Kowa ya auna wannan da unguwarsa, ya kuma tuna cewa yana gasa ne da PlayStation da wayar hannu. Ya kamata kuma a bayyana wa maƙwabta cewa wannan ba na'urar caca ba ce, domin ba ta mayar wa kowa kuɗi, sannan kada a bari ƴan makaranta su shiga a lokacin karatu, don ƙorafin iyaye ya isa ya rufe shago.

Kasuwa ta biyu ita ce ta masu tara kaya, kuma yawancinsu suna ƙetare ne. Akwati guda yakan haura kilo 100, don haka kuɗin aika shi waje yana iya cinye ribar. Abin da ya fi sauƙin tafiya shi ne fanel na asali da kaset-kaset na Neo Geo, waɗanda ke shiga ƙaramin kwali. Ko a cikin gida ma, idan za a yi dakonsa, a tsaye ake ɗaure shi, a tabbatar gilashin ya ɗauru tamau, domin gargadar hanya guda ta isa ta karya wuyan kwalba.

Ga masu tunanin yin odar matattun akwatuna daga waje kuwa, muna jan hankalinsu da su yi hattara. Bayan rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya ƙaru. Bugu da ƙari, yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, kuma tun farkon 2025 yarjejeniyar Basel ta ƙara tsaurara ƙa'idar tsallakawa da sharar kayan lantarki daga ƙasa zuwa ƙasa. Kwalbar tele tana ɗauke da dalma mai yawa a cikin gilashinta, don haka mataccen kaya yana iya maƙalewa a hannun ƴan duwan. Wannan dalma ita ce kuma dalilin da ya sa ba a fasa kwalba a tsakar gida ko kusa da rijiya, balle a ƙona wayoyi inda yara ke shaƙar hayaƙin.

A namu ganin, riba mafi tabbas tana ga akwatunan da suka riga suka shigo, waɗanda ke kwance a ɗakunan ajiya ana jiran mai gwangwan. A saye su a farashin matacce, a nemi tsohon mai gyaran tele tun kafin irinsu su ƙare a kasuwa, a bi gyaran bi da bi: wuta, gilashi, fanel, maɓallai, sannan katako. Wanda ya ga irin wannan akwati a rumfar maƙwabcinsa ana shirin sa masa guduma, ya ce a dakata a buɗe ƙofar baya tukuna. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma tsare mu da asara.